Kangayen Jirage a Bahar Maliya: Tarihin Nutso a Tekun da Mahajjata Suka Ƙetare

Tsakanin Toranke, a ƙaramar hukumar Ajingi, da gaɓar teku mafi kusa akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ruwan da mutanen Gaya da Ajingi suka saba da shi na rijiya ne, da kududdufi, da fadama, da kogin da ya ratso Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. Duk da haka akwai teku guda da sunansa ya daɗe da zama a bakin Bahaushe, ko da bai taɓa ganin igiyar ruwa ba: Bahar Maliya. Yaro yakan fara jin ta a ƙissar Annabi Musa da Fir'auna. Babba kuma ya san ta a matsayin shinge na ƙarshe tsakanin mai niyyar Hajji da garin Jidda.

A yau Bahar Maliya ta yi suna a duniya da wani abu dabam. Kowace shekara masu yawon buɗe ido, yawancinsu daga Turai, suna biyan kuɗi mai yawa domin su goya tukunyar iska a baya, su nutse mita 20 ko 30, su zaga cikin jiragen da suka nitse shekaru da dama da suka wuce. Harka ce mai makarantu da takardun shaida da otal-otal, kuma dubban Misirawa suna ci da ita. Tarihinta ya cancanci a san shi a ƙasar Hausa saboda dalili biyu. Na farko, abin da ƙasan teku ya adana bai yi wa kowa adalci ba: ya riƙe jiragen masu ƙarfi, ya shafe na talakawa. Na biyu, a wuri ɗaya da jirgin masu ziyarar Makka ya zauna daram a ƙasa, an wayi gari maƙabarta ta zama wurin kallo.

Hanyar gabas

Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai a shekarun 1950, wanda ya yi niyyar sauke farali daga ƙasar Kano gabas yake fuskanta. Ayari kan ratsa garuruwan gabashin Kano zuwa Borno, ya zaga Tafkin Chadi, ya bi ta Wadai da Darfur da Kurdufan har ya iske Kogin Nilu. Tafiyar takan ci shekaru, domin mafi yawan matafiyan talakawa ne masu yada zango su yi noma ko ƙodago su tara guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, jama'a da yawa suka ci gaba da hijira gabas, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a Sudan. Gonakin auduga na Jazira, waɗanda suka bunƙasa daga 1925, sun riƙe wasu dubbai. Masani C. Bawa Yamba ya rubuta littafi a 1995 a kan zuriyar waɗannan mutane, waɗanda aka haifa a Sudan amma suke ɗaukar kansu matafiya da ba su ƙarasa ba.

Wanda ya ƙarasa, a Sawakin yake tsayawa. Tsohuwar tashar jiragen ruwa ce mai gidajen da aka gina da dutsen murjani. Mashigarta ta yi wa manyan jiragen zamani ƙunci, shi ya sa Turawan Ingila suka gina Fot Sudan, kimanin kilomita 60 a arewa, suka buɗe ta a 1909. Amma Sawakin ta ci gaba da zama ƙofar mahajjata, da wurin killace su domin binciken lafiya. Daga nan zuwa Jidda kimanin kilomita 300 ne. Mai takardu da kuɗin jirgi yakan shiga jirgin ƙarfe. Wanda ba shi da su yakan nemi masu jirgin katako mai filafilai, wanda Larabawa ke kira sambuk, su tsallakar da shi da dare daga wata gaɓa da ba idon hukuma. Manya kaɗan ne suka shigo tekun ta wata ƙofa, kamar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi Hajji a 1921 ta hanyar Ingila.

Bahar Maliya ba ta da sauƙin tuƙi. Doguwa ce siririya, kuma gaɓoɓinta cike suke da duwatsun murjani masu tasowa har kusa da fuskar ruwa, ba a ganinsu da dare. Da aka buɗe mashigin Suwez a watan Nuwamba na 1869, zirga-zirgar jiragen Turai zuwa Indiya ta koma ta nan, haɗurra kuma suka ƙaru. Wata biyu kafin buɗewar, jirgin Ingila mai suna Carnatic ya hau wani dutse da ake kira Abu Nuhas ya rabe biyu, mutum 31 suka mutu. Dutsen nan guda ya ci wasu jiragen kaya a 1978 da 1981 da 1983. A yau duk suna jere a gindinsa, masu nutso suna bin su ɗaya bayan ɗaya.

Na'urar da ta buɗe ƙofa

Nutso tsohuwar sana'a ce. Masu neman lu'ulu'u a Tekun Fasha sun yi ƙarnoni suna yi, Sarkawan Kabi ma gwanaye ne, har gasarsa ake yi a bikin kamun kifi na Argungu. Amma iyakar kowannensu numfashi guda ne. A ƙarni na 19 Turawa suka ƙera hular tagulla mai nauyi wadda ake tura wa iska ta tiyo daga sama. Da irinta aka ciro zinariyar da Carnatic ya nitse da ita. Wannan aikin 'yan kwangila ne da sojoji, mai tsada da haɗari, kuma mai nutson a ɗaure yake da jirgin da ke samansa.

Abin ya sauya a 1943, lokacin da hafsan sojan ruwan Faransa Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan suka haɗa wata ƙaramar na'ura. Gagnan ya fara ƙera ta ne domin motocin da suka koma amfani da iskar gas saboda ƙarancin fetur a lokacin yaƙi. Aikinta shi ne ta saki iska daga tukunya a daidai lokacin da mutum ya ja numfashi, kuma da ƙarfin da ya yi daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi. Da ita mutum ya rabu da tiyo, ya riƙa yawo a ƙarƙashin ruwa kamar kifi. Fim na farko da Cousteau ya ɗauka da sabuwar na'urar, a wannan shekarar, a kan jiragen da suka nitse a gaɓar Faransa ne. Wato sha'awar kangon jirgi tare aka haife ta da nutson zamani. An kafa ƙungiyar masu nutso ta Birtaniya a 1953, sannan PADI a Amurka a 1966, wadda ta mayar da koyon nutso kwas na 'yan kwanaki da kowane mai lafiya da kuɗi zai iya yi.

Sauƙin koyo bai kawar da dokokin halitta ba. Abin da ke cikin tukunyar iska ce irin wadda kowa ke shaƙa, an dai matse ta, kuma kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. Duk mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin duniya gaba ɗaya. A mita 30 matsin ya ninka na doron ƙasa sau huɗu, don haka iskar tukunya tana ƙarewa da sauri sau huɗu, naitirojin kuma yana narkewa cikin jini da tsoka. A irin wannan zurfi yana iya sa mutum maye, tunaninsa ya yi nauyi. Idan kuma ya taso da gaggawa, iskar da ta narke takan kumbura ta zama kumfa a jijiyoyi, kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe. Sakamakon na iya zama ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Shi ya sa ake taƙaita sabon shiga a mita 18, kuma iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya mita 40 ce.

Shiga cikin jirgi ya fi haka haɗari, domin akwai rufi a saman mutum, ba zai iya tasowa kai tsaye ba idan wani abu ya faru. Bugun ƙafa guda yana iya tayar da laka da tsatsa su rufe ido ruf. Ƙwararru sukan shiga da igiya suna warwarewa domin su gane hanyar fita, su kuma raba iskarsu uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Abin da ke jan mutane duk da haka a bayyane yake. Murjani yana tsira a jikin ƙarfe, kifaye suna taruwa, kuma jirgin da ya nitse yana riƙe da rana guda ta tarihi yadda take, kamar ɗakin da aka kulle aka jefar da makulli.

Jirage biyu na yaƙi

Jirgin da ya fi shahara a ɓangaren Sudan yana kwance ne a bakin Fot Sudan, kusa da hanyar da jiragen Jidda ke bi. Sunansa Umbria. An ƙera shi a Hambug ta Jamus kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ya koma hannun Italiya. A watan Yuni na 1940 ya shigo Bahar Maliya ɗauke da bama-bamai kimanin 360,000, zai kai wa sojojin Italiya a Eritiriya. Italiya ba ta shiga yaƙi ba tukuna, amma sojojin ruwan Birtaniya suka tsare shi a dutsen Wingate da sunan bincike. Ranar 10 ga Yuni matuƙinsa, Lorenzo Muiesan, ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi, kafin masu tsaronsa su sami labari. Sai ya nemi izinin yin atisayen kwale-kwalen ceto, ya sa mutanensa suka buɗe wa ruwa hanya a ɓoye. Kowa ya fita da ransa, jirgin ya kwanta a gefensa na hagu. Bama-baman suna nan jibge a rumbunansa har yau, tare da motocin Fiat da kwalabe da buhunan siminti da suka daskare. Hans Hass, ɗan ƙasar Ostiriya, ya nutsa kansa a 1949 ya yaɗa hotunansa a Turai. A 1963 kuma Cousteau ya kafa wani ɗan ƙauye a ƙarƙashin ruwa a dutsen Sha'ab Rumi, arewa da Fot Sudan, inda mutanensa suka zauna wata guda.

A ɓangaren Masar, wanda ya fi kowane suna shi ne Thistlegorm, jirgin kaya na Birtaniya da ya zagayo Afirka ta kudu da kayan yaƙi. Yana tsaye yana jiran izinin shiga Suwez, jiragen saman Jamus suka jefa masa bam ranar 6 ga Oktoba, 1941, mutum 9 suka mutu. Yana zaune a zurfin kimanin mita 30 da babura ƙirar BSA da Norton, da manyan motocin Bedford, da bindigogi, da takalman roba, da kawunan jirgin ƙasa guda biyu da fashewar ta wurga gefe. Cousteau ya gano shi a tsakiyar shekarun 1950, ya nuna shi a fim ɗinsa da ya ci babbar kyautar bikin Kan a 1956. Daga nan aka manta da shi sai farkon shekarun 1990, lokacin da garuruwan Sharm al-Shaikh da Hurgada suka cika da baƙi.

Shahara ta yi masa illa. Masu nutso sun cire sitiyarin motoci da ƙananan kayayyaki sun kai gida. Kwale-kwalen da ke kawo su suna ɗaure igiyoyinsu a jikinsa, igiyar ruwa tana fizga har ƙarfe ya tsage. Iskar da suke fitarwa tana taruwa a rufin ɗakuna tana hanzarta tsatsa. A 2007 ƙungiyar kare muhalli ta Hurgada, HEPCA, ta sa aka dakatar da nutso na ɗan lokaci, aka kafa wuraren ɗaure kwale-kwale a gefe, aka huda rufin domin iska ta fita.

Ƙarfe ya zauna, katako ya tafi

Wanda ya duba jerin wuraren nutso na Bahar Maliya zai ga jiragen Ingila da Italiya da Girka da Rasha. Zai yi wuya ya ga sambuk ko guda, alhali jiragen katako sun fi shekara dubu suna ɗaukar mahajjata a wannan teku. Dalilin na halitta ne. A ruwan gishiri mai ɗumi akwai wata halitta mai kama da tsutsa da ke huda katako, tana iya cinye jirgi cikin 'yan shekaru. Jirgin Vasa na Suwidin, wanda ya nitse a 1628 aka ciro shi kusan cikakke a 1961, ya tsira ne domin ruwan yankinsa mai sanyi ne, gishirinsa kaɗan, tsutsar ba ta rayuwa a ciki. A Bahar Maliya katako ba ya tsira sai yashi ko kaya mai nauyi ya binne shi. Haka ta faru da wani babban jirgin fatake na ƙarni na 18 da masana suka tona a tsibirin Sadana, kusa da Safaja, a shekarun 1990, inda suka sami tangaran na Sin da gahawa da tulunan yumɓu. Kayan attajirai ne suka adana shi. Jirgin da lodinsa mutane ne da ƙullin tsummokara da gorar ruwa ba ya barin komai.

Takarda ma ba ta adana su ba. Kamfanin inshora yana rubuta kowane jirgin ƙarfe da nauyin kayansa da ranar da ya nitse. Mai tsallakar da mutane a ɓoye ba ya rubuta sunan kowa. Kuma wannan hanya ba ta mutu ba. A watan Yuli na 2011 hukumomin Sudan suka ba da sanarwar cewa wani jirgi da ya tashi daga gaɓarsu zuwa Saudiyya ya kama da wuta ya nitse, mutum 197 suka halaka, cikinsu har da 'yan Nijeriya da Chadi. Wurin bai shiga taswirar masu nutso ba, kuma babu allon da ke ɗauke da sunayensu. Saboda haka wanda ya ɗauki ƙasan Bahar Maliya a matsayin gidan tarihi, ya kamata ya san cewa tarihin daulolin Turai da yaƙe-yaƙensu yake kallo. Na mutanen da suka fi kowa yawan ƙetare ta ya narke.

Salem Express

Akwai jirgi ɗaya da ya saɓa wa wannan, kuma shi ne ya fi tayar da jayayya. Salem Express jirgin fasinja da motoci ne, ƙirar Faransa ta shekarun 1960, mai zirga-zirga tsakanin Jidda da Masar. A daren 14 ga Disamba, 1991, ya doshi Safaja cikin iska mai ƙarfi, cike da Misirawa masu dawowa daga Umara da ma'aikatan da ke komawa gida. Matuƙin ya bi gajeriyar hanya ta tsakanin duwatsu, jirgin ya daki dutsen Hyndman. Bugun ya buɗe babbar ƙofar gaba da motoci ke shiga, ruwa ya kwararo cikin dogon zauren motoci da ba shi da shamaki, jirgin ya kife cikin kimanin minti 20. Alƙaluman hukuma sun ce mutum kimanin 470 ne suka rasu, mutane da yawa kuma sun yi imanin adadin ya fi haka. An ciro gawarwakin da aka iya kaiwa gare su, sannan aka dakatar da aikin saboda haɗari, aka toshe wasu sassa da sauran mamatan a ciki.

Jirgin yana kwance a gefensa na dama a zurfin kimanin mita 30, samansa kuma bai fi mita 12 daga fuskar ruwa ba, ruwan garau. Wannan ya sa ko mai matsakaicin horo yana iya kaiwa gare shi. Kwale-kwalen ceto da ba a sami damar saukewa ba suna zaune a kan yashi. Akwatuna da barguna da rediyoyi da kekunan yara suna warwatse, wato tsarabar da duk wanda ya taɓa tarbar alhaji zai gane. Kamfanonin nutso suna kai baƙi wurin, hotunan kayan mamatan kuma sun cika intanet. Wasu jagororin nutso Misirawa suna ƙin zuwa sam. Wasu suna zuwa da sharaɗin a zaga ta waje kawai. Wasu kuma suna shiga da baƙi har ciki.

Masu goyon baya suna cewa ziyara tana raya tunawa, kuma yawancin masu nutso cikin jimami suke fitowa. Akwai gaskiya a ciki, domin ba don su ba da duniya ta daɗe da mantawa da sunan jirgin. Amma mai karatu Musulmi yana da ma'aunin da zai auna maganar. Malaman fiƙihu sun yarda teku ya zama kabari ga wanda ya rasu a jirgi idan tudu ya yi nisa. Hadisi ya lissafa wanda ruwa ya ci cikin shahidai, ya kuma nuna cewa alfarmar gawa kamar ta mai rai take. Ziyarar maƙabarta halas ce, amma tana da ladubba: ana sallama, ana addu'a, ba a taka kabari, ba a buɗe abin da aka rufe. A bisa wannan ma'auni, tsayawa daga waje cikin natsuwa yana da fuska. Kutsawa ɗakunan da mutane suka cika a ciki, da jujjuya akwatunansu domin hoto, ba shi da ita. Iyalan waɗanda suka rasu a 1991 suna nan da ransu a garuruwan Masar.

Wa ke da ikon hanawa

Ƙasashen da suka so kare matattunsu sun samo hanya. Bayan jirgin Estonia ya nitse a 1994 da mutum 852, ƙasashen Suwidin da Finlan da Istoniya suka ƙulla yarjejeniya a 1995 da ta haramta nutso a kansa. Birtaniya ta yi doka a 1986 domin kare jiragen soja da suka nitse da mutane. Labarin jirgin Mendi ya nuna yadda kariyar ke jinkiri idan mamatan baƙaƙe ne. Jirgin fasinja ne na hanyar Afirka ta Yamma, wanda a ƙarshen 1916 ya kai sojojin Nijeriya, rundunar da Hausawa ke da yawa a cikinta, fagen yaƙi a Gabashin Afirka. Ranar 21 ga Fabrairu, 1917, wani jirgi ya dake shi cikin hazo a gaɓar Ingila, mutum fiye da 600 suka mutu, kusan dukkansu leburori baƙar fata daga Afirka ta Kudu. An gane kangonsa a 1974, masu nutso suka yi shekaru suna ɗibar kayansa. Sai a 2009 aka sa shi ƙarƙashin dokar, wadda ta yarda a kalla amma ta hana taɓawa. Ƙararrawarsa ta ɓulla a 2017 bayan wani da bai bayyana kansa ba ya ajiye ta, Firayim Minista Theresa May kuma ta miƙa ta ga Shugaba Cyril Ramaphosa a 2018.

A matakin duniya akwai yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kayan tarihin da ke ƙarƙashin ruwa, wadda ta fara aiki a 2009. Ta hana cinikin abin da aka ciro, ta fifita barin kango a inda yake, ta kuma wajabta girmama gawar ɗan Adam. Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka amince da ita, tun a 2005. Sai dai yarjejeniyar ta shafi abin da ya shekara 100 a ruwa ne. Umbria zai cika sharaɗin a 2040, Thistlegorm a 2041, Salem Express sai 2091. Wato a shekarun da 'ya'ya da matan mamata suke raye, lokacin da kariya ta fi amfani, dokar duniya ba ta ce komai ba, sai abin da ƙasa ta ga dama.

Ruwan gida

Arewacin Nijeriya ma yana da jiragensa da ruwa ya ci. A 1806 jirgin Mungo Park ya tarwatse a duwatsun Busa, ya mutu a wurin, kuma tun 1968 tafkin Kainji ya rufe duwatsun da tsohon garin baki ɗaya. A 1857 jirgin ƙarfe Dayspring, ɗauke da William Baikie da Samuel Ajayi Crowther, ya daki dutse a Jebba. Mafi daraja duka shi ne na Dufuna. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, jihar Yobe ta yau, ya ci karo da katako a zurfin kimanin mita 5. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994: kwale-kwale mai tsawon mita 8.4, mai shekaru kimanin 8,000, mafi tsufa da aka samu a Afirka. Laka mai danshi da ba iska a cikinta ce ta yi masa abin da Bahar Maliya ba ta yi wa sambuk ba.

Ruwan kogunan Arewa da madatsunta gurɓatacce ne da laka, mai nutso ba ya ganin nesa, don haka ba wurin kallo ba ne. Nutson da aka sani a nan na neman gawa ne. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar Watari a Bagwai, ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu. Watanni shida kafin nan wani ya nitse a Kogin Neja kusa da Warra ta jihar Kebbi da fasinja fiye da 150. A irin waɗannan ranaku masunta da gwanayen ninkaya na ƙauye ne suke fara faɗawa ruwa, da numfashin ƙirjinsu kawai. Na'urar da ta zama abin wasan hutu a Hurgada tun shekaru da dama, a nan kayan ceton rai ce da sutura ga mamaci.

Darasin Bahar Maliya ga hukumomin jihohin Arewa bai wuce abubuwa uku ba. A horar da masuntan da suka riga suka san ruwansu, a ba su kayan nutso da sanin dokokin matsi, domin tukunyar iska a hannun wanda bai koya ba ita ma ajali ce. A wajabta rubuta sunan kowane fasinja a kowace mashaya kafin kwale-kwale ya tashi, domin wanda ba a rubuta ba ko adadinsa ba a samu. Sannan jami'o'in Kano da na Wudil su tura ɗalibai ƙauyukan gabashin Kano su naɗi labaran Hajjin ƙafa daga bakin tsofaffi da jikokin waɗanda suka tafi. A gidaje da yawa ana tuna wani kaka da ya yi gabas ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tunda teku bai riƙe jirginsa ba, abin da iyalinsa ke iya faɗa shi ne kaɗai shaidar da ta rage, kuma masu faɗar suna ƙarewa.